Wutar lantarki daga raƙuman teku

A Ankara, babban birnin Gana, akwai unguwannin zango kamar Nima da Mamobi, inda Hausawa da yawa suke zaune. Daga 2012 zuwa 2016 sun sha wahalar ɗauke wuta. Teloli suna zaman jira, ƴan makaranta suna karatu da fitila. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne ruwan madatsar Akosombo ya ragu.

To, teku kuwa ba ta ƙafewa. Dare da rana raƙumanta suna tashi suna sauka. A 2015, a Ada, inda kogin Volta yake shiga teku, an gwada samun wuta daga wannan motsi, da injunan kamfanin Seabased na ƙasar Suwidin.

Ga yadda abin yake. Ana ajiye inji a ƙarƙashin teku. A saman ruwa akwai wani babban gora na ƙarfe, igiya ta haɗa su. In ruwa ya ɗaga goran, sai igiyar ta ja maganaɗisu cikin injin, wuta ta samu. Waya ce take kai ta gaɓa.

Aikin yana da tsada, kuma ruwan gishiri yana cin ƙarfe.

Tambayoyi
1. Me ya sa aka riƙa ɗauke wuta a Nima?
2. Me yake jan maganaɗisun?