DARASI: BIYAN BASHI DA RANGWAME DA TABON DA YAKE BARI A SUNAN MUTUM

Gabatarwa

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. A cikinmu akwai ma'aikacin da ya ci bashin banki a kan albashinsa, akwai manomin da ya karɓi rance domin taki, akwai kuma mai sayar da hatsi da ta nemi jari a ƙaramin banki. Wani lokaci ciwo, ko rashin damina, ko jinkirin albashi yakan hana mutum biya. Bayan watanni sai banki ya kira shi, ya ce ya kawo kaza a yafe masa sauran. Wannan shi ake nufi da biyan bashi da rangwame. Darasinmu zai duba abin da irin wannan sulhu yake yi wa sunan mutum a wurin masu ba da rance, da yadda zai yi shi ba tare da ya cuci kansa ba.

1. Mene ne tarihin bashi?

A dā shaidar mutum tana bakin maƙwabtansa da abokan cinikinsa, wanda ya ƙi biya a wannan gari kuwa yana iya ƙaura ya sake cin bashi a wani. Yanzu shaidar a rubuce take. A shekarar 2008 Babban Bankin Nijeriya ya fitar da ƙa'idodin kafa kamfanonin da aikinsu shi ne tattara labarin masu cin bashi, daga baya kuma ya ba kamfanoni uku izini, waɗanda ake kira CRC Credit Bureau, CreditRegistry da FirstCentral. Bankuna sukan aika musu da labarin rancen da suka bayar: nawa ne, yaushe aka karɓa, nawa aka biya, kwana nawa aka yi jinkiri. Wannan labari shi ne tarihin bashi.

A 2014 aka fito da lambar BVN mai alƙaluma 11, wadda ta haɗa dukan asusun mutum a ƙarƙashin sunansa, ko a banki nawa ya buɗe su. A 2017 kuma aka kafa dokar rahoton bashi, wadda ta tsara aikin kamfanonin nan da haƙƙin mutanen da ake rubuta labarinsu. Babban Banki ya umarci bankuna su duba rahoton mutum kafin su ba shi rance. Saboda haka abin da ya faru tsakaninka da banki ɗaya, sauran bankuna suna iya gani.

2. Abin da rangwame yake sharewa da abin da yake bari

Bari mu ɗauki misali. Wani ya ci bashin naira 600,000, ya biya 200,000, sai ya kasa ci gaba har wata takwas. Da kuɗin ruwa da tarar jinkiri, abin da ake binsa ya kai 520,000. Banki ya yarda ya karɓi 350,000 ya rufe maganar. An yafe masa 170,000 ke nan, ba wanda zai sake zuwa ƙofarsa neman kuɗin nan.

Amma watanni takwas ɗin da ya yi bai biya ba sun riga sun shiga rahoto, sulhu kuwa ba ya fitar da su. Bisa ƙa'idar Babban Banki, rancen bankin kasuwanci da ya wuce kwana 90 ba a biya ba akan lissafa shi cikin basussukan da suka lalace. Idan kuma bankin ya nuna cewa an rufe asusun da ƙasa da abin da ake bi, ko ya rubuta sauran a matsayin asara, wannan ma zai zauna a rubuce. Gyambo ya warke, tabo yana nan.

Jami'in da zai karanta rahoton nan gobe abu ɗaya yake so ya sani, wato ko mutumin nan yakan cika alkawarin da ya sa wa hannu. Zai ga cewa wanda ya ba shi rance a baya bai sami dukan kuɗinsa ba. Don haka yana iya hana shi, ko ya ba shi kaɗan, ko ya ƙara masa kuɗin ruwa, ko ya nemi jingina da wanda zai tsaya masa.

3. Har yaushe tabon zai zauna?

Dokar 2017 ta ce kamfanin ya riƙe bayanin da aka ba shi aƙalla shekara 6, bayan haka a adana shi na waɗansu shekaru 10. Domin mu ga yadda nauyin tabon yake raguwa, yana da kyau mu dubi Amurka, inda wannan tsari ya daɗe ƙwarai. A can manyan kamfanonin su ne Equifax, Experian da TransUnion, dokar da take kula da su kuwa tun 1970 aka kafa ta. Bashin da aka rufe da rangwame akan rubuta shi a fili cewa an biya ƙasa da abin da ake bi, yakan kuma zauna a rahoto shekara 7. Ana fara ƙirgar shekarun daga lokacin da mutum ya fara kasa biya, ranar sulhu ba ta sake ƙirgar.

A can akan ba mutum maki daga 300 zuwa 850 bisa ma'aunin FICO, kashi 35 cikin 100 na makin kuwa daga tarihin biyansa yake fitowa. Abu biyu muke koya daga nan. Na fari, babbar ɓarna tana faruwa tun kafin sulhu, a watannin da aka daina biya. Na biyu, tabon yana dusashewa da tsufa, musamman idan mutum ya shiga biyan sauran basussukansa a kan lokaci, gama masu ba da rance sun fi kula da halin kwanan nan.

4. To, gara a ƙi sulhu?

A'a. Hanyoyi huɗu ne a gaban wanda bashi ya yi wa nauyi, ga su daga mafi kyau zuwa mafi muni. Ta fari, ya biya duka, ko da a makare. Ta biyu, ya je banki tun kafin ya kasa, ya roƙi a tsawaita masa lokaci a rage abin da yake biya kowane wata. Ta uku, ya yi sulhu da rangwame. Ta huɗu, ya yi shiru ya ɓuya.

Mai ɓuya bashinsa yana ta girma, rahotonsa kuma yana nuna har yanzu ana binsa. Tun 1 ga Agusta 2020 Babban Banki ya fara aiki da tsarin da ake kira GSI, wanda ya ba banki ikon cire kuɗinsa daga asusun da mai bashi yake da shi a waɗansu bankuna, bisa takardar da ya sa wa hannu ranar karɓar rance. Wanda ya tsaya masa kuma, sau da yawa ɗan'uwa ne ko aboki, shi za a juya a kama. In aka gwada da wannan, sulhu ya fi nesa ba kusa ba.

Sai dai rangwame domin wanda ya kasa ne. Mai hali da ya ɓoye dukiyarsa don a rage masa, ya ci haƙƙin wani. A ƙungiyar gama-kai ko adashe, abin da aka yafe wa ɗaya ajiyar sauran ce.

5. Idan za ka yi sulhu

(a) Ka fara roƙon a cire tara da kuɗin ruwa, ka biya uwar kuɗin duka in kana iyawa.

(b) Kada ka biya ko kwabo sai ka karɓi wasiƙar banki mai hatimi, wadda ta faɗi adadin da ranar biya, ta kuma ce da wannan biya bashin ya ƙare ɗungum. In babu ita, ana iya ɗaukar kuɗinka a matsayin kashin biya, a ci gaba da binka sauran.

(c) Ka zuba kuɗin cikin asusun rancen. Kada ka danƙa wa mai karɓar bashi a hannu, ko ka tura asusunsa na kansa.

(d) Ka karɓi takardar shaidar cewa ba a binka kome, ka adana ta tare da rasit.

(e) Bayan 'yan watanni ka nemi rahotonka, gama doka ta ba ka ikon karɓarsa kyauta sau ɗaya a shekara. In ya nuna har yanzu ana binka, ka rubuta ƙorafi ga kamfanin da bankin, ka haɗa da kwafin takardunka.

(f) Kada ka ci sabon bashi mai tsadar ruwa domin ka biya sulhun.

Kammalawa

'Yan'uwa, rangwame yana sauke kaya daga kan mutum, amma labarin yadda aka sauke shi yana bin sunansa shekaru. Wanda ya ga alamar zai kasa biya, ya tafi wurin mai binsa tun da wuri. Wanda ya riga ya yi sulhu kuwa kada ya fid da zuciya, ya riƙe takardunsa, ya kuma biya kowane ƙaramin bashi a ranarsa.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. A misalin da muka duba, me aka yafe, me kuma ya rage a rubuce?

2. Me ya sa ake karɓar wasiƙa kafin a biya?

3. Me ya kamata mutum ya tambaya kafin ya tsaya wa wani a banki?