Lambun Bayan Ɗaki

Sabon Tasha unguwa ce a kudancin Kaduna, a hayin kogi. Yawancin mutanenta ma'aikata ne da 'yan kasuwa, ba su da gonaki kamar mutanen ƙauye. Duk abin da za a sa a tukunya, sai an sayo shi.

To, amma albashi yana iya yankewa. A Kakuri, nan kusa, an buɗe wata babbar masaƙa a 1957, aka rufe ta a 2002. Magidanta da yawa suka wayi gari ba aiki, ga kuma iyali. A irin wannan rana, mai lambu ba ya rasa abin miya. Tun a 1976 ma, gwamnatin Janar Obasanjo ta yi shirin ciyar da ƙasa, ta kira makarantu da mutanen birni su riƙa noma abin da za su ci.

Yara, kada ku ce ba ku da fili. Taku uku a bayan ɗaki ya isa. In tsakar gidanku siminti ne, ku nemi tsohon buhu, ku huda gindinsa don ruwa ya riƙa fita. Ku cika shi da ƙasa wadda aka gauraya da busasshen kashin kaji ko na awaki. Ɗanyen taki yakan ƙone shuka. Ku ajiye buhun inda rana take bugawa, ku kewaye shi da shinge saboda awaki.

Alayyafo shi ne mai sauri, cikin wata guda an fara tsinka. Kuɓewa takan yi wata biyu, tumatir kuwa kamar wata uku. Zogale in ya kama, shekara da shekaru ana cin ganyensa. Da damina ruwan sama ya wadatar. Da rani ku yi ban ruwa safe da yamma, ko da ruwan da aka wanke shinkafa ne. Amma kul, kada ku ɗebo na kwata, domin yana kawo ciwon ciki.

Lambu ba zai cika rumbu ba, amma zai rage kuɗin cefane. Hausawa sun ce, guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Tambayoyi
1. Don me ake huda gindin buhu?
2. Wace shuka ce ta fi sauri?
3. Me za ka fara shukawa a gidanku?