Ganyen masarata ya yi zane-zane, daga baya kara ya ruɓe: cuta ɗaya ce ko biyu?

TAMBAYA: Ina noman masara a bakin kogin Wudil. Bara na makara da shuka. Sati uku da tsirowa sai ganye ya fito da zane-zane ruwan ɗorawa, masarar ta tsumbure. Na yi feshi sau biyu, ba ta farfaɗo ba. Dab da girbi kuma kara ya riƙa kwanciya, in na tsaga sai in tarar cikinsa ya ruɓe. Maƙwabcina da ya riga ni shuka bai ga komai ba. Me ya faru? Daga wani manomi, Wudil.

AMSA: Allah ya mayar maka da alheri. Bisa yadda ka kwatanta, cuta biyu ce, kuma ta farkon ce ta jawo ta biyun.

Zanen da ka gani aikin ƙwayar bairos ce, wadda aka fara bayyana cutarta a Afirka ta Kudu a 1901. Ba ta bin iri. Wani ɗan ƙwaro mai tsalle ne, bai kai ƙwayar shinkafa ba, yake tsotso ta daga ciyayi irin su harkiya da tuji ko daga tsohuwar masara, ya kai wa ƙarama. A bakin kogi, inda ake noma rani da damina, ƙwaron nan ba ya rasa ɗanyen ganye. Lokacin da ya yi yawa, masarar maƙwabcinka ta yi ƙwari, taka kuwa tana jaririya. Feshin da ka yi ba zai warkar da ita ba, domin bairos in ta shiga jikin shuka babu maganin da ke fitar da ita.

Ruɓewar kara kuwa funfuna ce, dangin wadda ke fitowa a kan tuwon da ya kwana biyu. Tana nan cikin ƙasa da tsofaffin karare ko yaushe, har a gonar maƙwabcinka. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke shiga. Koren ganye shi ne madafar shuka, da hasken rana yake haɗa mata sukari. Duk inda zane ya ci, girki ya tsaya a wurin. Idan masara ta yi goyo, dole ta ciyar da shi, to da yake ganye ya gaza, sai ta kwashe ajiyar da ke cikin kara da saiwa ta tura wa goyon. Tsaga irin wannan kara ka duba: totuwar da ya kamata ta zama fara mai ruwa ta bushe, ta rabu zare-zare, wani lokaci da jaja-jaja. Wannan mataccen wuri funfuna ke jira.

A Amurka ma an ga haka. Da wata bairos da darɓa ke yaɗawa ta ɓulla a gonakin masara cikin shekarun 1960, masu bincike sun gano cewa masarar da ta kamu ta fi saurin ruɓewar saiwa, tabon funfuna kuma ya fi yawa a ganyenta.

Abin da ke damuna shi ne yawan kuɗin da manomanmu ke zubawa a feshi bayan aikin gama ya gama. Tun wajen zaɓen iri ake tare wannan matsala. Cibiyar IITA ta Ibadan ta samar da masara mai jure cutar zane, har ta karɓi lambar yabo ta Sarki Baudouin a kanta a 1986, kuma da yawa daga cikin irin SAMMAZ na cibiyar IAR ta Samaru suna da wannan juriya. Nemi irin, ka cuɗe shi da maganin iri mai kashe ƙwari da funfuna, ka shuka tare da jama'a. Nome ciyawar gefen gona, ka tuge duk ƙaramar da ta nuna zane. Masarar da ta kwanta kuma kada a haɗa ta da lafiyayya a rumbu.

In ka sake ganin zanen bana, tuge guda har da saiwarta ka kai wa malamin gona na KNARDA, ko tsangayar aikin gona ta Jami'ar Aliko Dangote da ke nan Wudil, su duba kafin ka sayi ko kwalba ɗaya.