Darasin Turanci a Gida: Gonata Ce, Ko Tawa Ce?

Yaron da ya tashi a Doma yakan ji Alago a gida, Hausa a kasuwa, Turanci kuma a aji. Amma ranar jarrabawar WAEC ko NECO, da Turanci zai amsa kusan kowace takarda, in kuwa bai sami kiredit a Turancin ba, shiga jami'a takan gagara. Cikin ƙananan abubuwan da ke cinye wa yaranmu maki akwai kalmomin mallaka, saboda haka iyaye, ku jawo su kusa mu duba tare.

Hausa tana da gajeriyar mallaka, kamar gonata, gonarka, da kuma doguwar mallaka, kamar tawa, taka. Haka Turanci yake. Kalmomin my, your, his, her, its, our da their ba sa tsayawa su kaɗai, dole suna ya biyo bayansu. Su kuwa mine, yours, his, hers, ours da theirs suna ɗaukar matsayin sunan ne gaba ɗaya. "This is my farm" na nufin wannan gonata ce. "This farm is mine" kuwa, gonar nan tawa ce. A Hausa muna iya cewa "tawa gonar ta fi taka", amma Turancin yau bai yarda da "mine farm" ba, sai dai "my farm" ko "my own farm".

Ga inda gizo ke saƙa. Idan muka ce doyarsa, abu biyu muka faɗa a kalma guda: harafin r yana nuna doya mace ce, sa kuma yana nuna mai doyar namiji ne. Turanci ba ruwansa da jinsin doya, mai kayan kaɗai yake dubawa. Bitrus ya sayar da doyarsa: "Bitrus sold his yams." Rahila ta kai riɗinta kasuwar Lafiya: "Rahila took her beniseed to Lafia market", ko da yake riɗi namiji ne a Hausa. Nasa da tasa duk his ne, nata da tata duk hers. Kafin yaro ya rubuta, ya tambayi kansa, mai abin namiji ne ko mace? Wannan tambaya ba ta aji kaɗai ba ce. A takardar shaidar sayen gona, his a wurin her na iya jawo gardama tsakanin ƙane da yayarsa.

Wajen your da yours Turanci ya fi mu talauci, domin naka, naki da naku duk yours ne. A dā akwai thy da thine ga mutum ɗaya, kamar yadda masu karanta juyin Sarki Yakubu na shekarar 1611 suka saba gani, amma sun fita daga maganar yau da kullum.

Sai waƙafin sama. Ba a sa shi a yours, hers, ours ko theirs. Its ba waƙafi shi ne na mallaka, misali "The goat broke its rope." It's mai waƙafi kuwa taƙaitawar it is ne, ko it has.

Bayan abincin dare, yara su juya waɗannan zuwa Turanci, babba ya duba musu: Fartanyar nan tasa ce. Hannatu ta ɓatar da littafinta. Rumbun nan namu ne, wancan nasu.