Gyaran Hali Tsakanin Lallashi da Mari

1.0 Gabatarwa

Bahaushe yana da karin magana guda biyu waɗanda, in an dube su sama-sama, sai a ce suna karo da juna. Ya ce, "Hali zanen dutse," sa'an nan kuma ya ce, "Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi." Na farko yana nuna wuyar sake hali, na biyu kuwa yana nuna cewa hali yana gyaruwa in an tare shi da wuri. Manufar wannan maƙala ita ce a duba tsaka mai wuyar da mai gyaran hali kan shiga, watau yadda zai zaɓi hanyar gyara ba tare da ya tauye haƙƙin wanda ake gyarawa ba.

2.0 Ilimin Gyaran Hali

A 1938 wani masani Ba'amurke, B. F. Skinner, ya wallafa sakamakon gwajin da ya yi da ɓeraye, inda ya nuna cewa duk aikin da lada ya biyo bayansa akan maimaita shi. A 1968 Baer da Wolf da Risley suka shimfiɗa ƙa'idojin amfani da wannan ilimi a kan mutane. Masu wannan fanni sukan lura da abu uku: abin da ya gabaci aiki, da aikin kansa, da abin da ya biyo baya. Da haka ake gane amfanin da mutum ke samu daga mugun hali, a nema masa kyakkyawan madadi. Skinner ya kuma lura cewa horo mai tsanani yakan danne hali ne na ɗan lokaci, ba ya kafa wani sabo a gurbinsa.

3.0 Inda Gizo Ke Saƙa

Gidan Katta tana cikin Ƙaramar Hukumar Illela ta Jihar Sakkwato, dab da iyakar Nijar ta wajen Birnin Ƙonni. Shan ƙwayoyi irin su taramol da maganin tari mai kodin, wanda Gwamnatin Tarayya ta hana yi da shigowa da shi a 2018, ya addabi matasan Arewa, birni da ƙauye. A ƙaddara wani magidanci a wannan gari ya kai ɗansa mai shekara ashirin wurin mai gyara, malamin zaure ne ko ma'aikacin jin daɗin jama'a, ya ce, "Malam, ga shi nan, a yi masa duk abin da ya dace." Nan take tambayoyi uku za su taso.

Ta farko, wa ake yi wa aiki? Uba ne ya kawo, shi ne zai biya, amma jikin ɗa ne zai ɗauki gyaran, ga shi kuma baligi ne wanda ba a nemi yardarsa ba.

Ta biyu, wane hali za a gyara? Shan ƙwaya cuta ce ga mai sha. Amma sau da yawa iyaye sukan haɗa da abin da su ne kawai yake damu, alal misali ƙin sana'ar gado ko ƙin auren da aka zaɓa masa. Mai gyaran da bai tantance ba sai ya zama sandar dukan wani.

Ta uku, ina matsayin asiri? Idan yaron ya amince ya faɗi wanda ke sayar masa da ƙwaya, uba kuma ya matsa sai an gaya masa, to, faɗi zai rushe amana, shiru kuwa zai bar 'ya'yan wasu cikin haɗari.

4.0 Darasin Gidajen Mari

A watan Satumba na 1919 babu wanda zai yi mamakin ganin mari a ƙafar kangararre, amma a Satumban 2019 duniya ta girgiza da 'yan sanda suka fito da mutane fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa da tabon bulala a baya. A watan Oktoba aka kuma fito da 67 a Daura. Da yawansu iyayensu ne suka kai su, da kyakkyawar niyya, har suna biyan kuɗi.

Kada a ɗauka wannan laifin gargajiya ne kaɗai. A Amurka, cibiyar Judge Rotenberg ta daɗe tana horon naƙasassu da na'urar jan lantarki da sunan ilimin gyaran hali. Hukumar abinci da magunguna ta ƙasar ta haramta na'urar a 2020, kotu ta soke haramcin a 2021, ƙungiyar masana fannin kuma ta yi tir da hanyar a 2022. Hujjar mai mari da ta mai lantarki ɗaya ce: "Ai yana aiki." Amma yin aiki kaɗai bai isa hujja ba, domin yunwa ma tana sa mutum ya bi umurni.

5.0 Mafita

Wajibi ne mai gyara ya nemi yardar wanda za a gyara, ya kuma sanar da shi da iyayensa tun farko abin da zai ɓoye da wanda ba zai ɓoye ba. Ya fara da hanya mafi sauƙi, watau yabo da lada da koyar da sana'a. Ya riƙa rubuta ci gaba, don in hanya ba ta ɓulle ba a sake ta. Daɗin daɗawa, ya san iyakar saninsa: wanda ƙwaya ta taɓa wa ƙwaƙwalwa haƙƙin likita ne, ga kuma Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware a kan hanyar Illela zuwa Sakkwato. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta tabbatar wa irin waɗannan mutane haƙƙinsu.

6.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa niyyar uba da ƙwazon malami ba su halatta kowace hanya ba. Ma'aunin gyara shi ne halin da mutum zai riƙe bayan an sake shi, babu mai tsaronsa. Wanda ya daina ƙwaya don tsoron sarƙa, ranar da aka kwance ta yana iya komawa, ga kuma ƙiyayyar iyayensa ta ƙaru a zuciyarsa. Garin neman gira an rasa ido ke nan.