Me Ya Sa Rauni Ya Fi Yawa a Makon Farko na Zango?

'Yan'uwa ɗalibai, duk mai zuwa filin wasa ya san makon farko bayan dogon hutu. Ba a daɗe da busa usur ba sai ka ga an tallabo wani da targaɗe, wani kuma cinya ta riƙe masa. Mukan ce tsautsayi ne, wanda ba ya wuce ranarsa. To, amma akwai dalili.

Idan ɗan wasa ya bar atisaye, cikin mako biyu zuwa huɗu yakan fara saurin haki. In hutun ya yi tsawo, ƙarfin tsoka ya ragu, jijiyoyin da ke haɗa tsoka da ƙashi su ma su yi rauni, kuma sun fi tsoka jinkirin farfaɗowa. Ƙwaƙwalwa kuwa ba ta manta komai ba. Tana tuna yadda ake yanke mai tsaron baya, da yadda ake ɗaga abokin kokawa, sai ta ba jiki umarnin da ba zai iya ɗauka ba. Ga gajiya: wanda ya gaji ba ya faɗuwa daidai idan an yi karo.

Manya ma ba su tsira ba. A 2011 saɓani tsakanin masu kulob da 'yan wasan ƙwallon Amurka, wadda ake bangaje juna a cikinta, ya sa an rufe wuraren atisaye daga Maris zuwa Yuli. Da aka dawo, cikin kwana 29 agarar 'yan wasa 12 ta tsinke, alhali a wasu shekarun baya kusan biyar ake samu a shekara guda. A 2020 kuma, bayan hutun korona, an yarda kulob ya canza 'yan ƙwallo biyar maimakon uku, don a rage musu nauyi.

Wani zai ce, "Ai ni a fadama na yi hutuna, ina noman shinkafa." Madalla, ka fi wanda ya kwanta da waya. Sai dai fartanya ba ta koya wa ƙafa gudun fanfalaki da tsayawa farat ɗaya. Ɗan kokawar da ke son ya shiga fili a bikin kamun kifi na Argungu ba ranar yake fara shiri ba.

Saboda haka mako biyu na farko a bar su ga sassarfa, miƙe jijiyoyi, da ƙarfafa cinya da wuya. Karo da kayarwa su biyo baya, kaɗan-kaɗan. Muna roƙon malaman wasanni kada a sa gasar gidaje da zarar an dawo. Wanda kuma ya bugu a kai ya ji jiri, ya fita daga fili a ranar, a kai shi asibiti, ko da shi ne kyaftin.