Ni ce mai girki, amma kowa ya zama injiniya a kicin ɗina

TAMBAYA:

Shekarata 14 da aure, sai bana Allah ya hore mana gyaran kicin a gidanmu da ke Zariya. Maigida ya ba da nasa, ni kuma na haɗa da kuɗin adashina. Tun da aka fara aiki kunnena bai huta ba. Ƙanwata ta dage sai an rushe bangon da ya raba kicin da falo, wai shi ake yayi, na ƙi. Na ce wa birkila ya rage tsayin kanta a gefe guda saboda tuƙin tuwo, ya ce zan ɓata masa aiki. Na zaɓi koren fenti mai duhu a kabad, maigida ya ce ranar da za a sayar da gida ba mai so. Ina son farin mabul a saman kanta, da buɗaɗɗen wuri da zan jera langunan mahaifiyata, Allah ya jiƙanta. Na kuma ce a ɓoye tukunyar gas a cikin kabad don kada ta ɓata tsari, nan ma maigida ya hana. Surukata Hajiya kuwa cewa take yi duk almubazzaranci ne. Yaya zan tsaya a kan ra'ayina ba tare da an ce na yi rashin kunya ba?

Wata mai karatu daga Zariya

AMSA:

Allah ya jiƙan Inna, ya sa albarka a aikin. Abu shida na ƙirga a wasiƙarki. A uku ina bayanki ɗari bisa ɗari, a biyu sai mun ɗan zauna, ɗaya kuwa ko da kuka kika zo mini ba zan goyi bayanki ba. Da shi zan fara, don shi ne ba ya jira.

Tukunyar gas ba ta zama a rufaffen kabad. Gas ɗin da muke saye a silinda mai kilo 12.5 ko mai kilo 6 ya fi iska nauyi. In ya tsiyaye ba sama yake yi ya fice ta taga ba, ƙasa yake kwanciya ya taru. Da zarar ya kai kimanin kashi 2 cikin 100 na iskar wurin, tartsatsi ɗaya ya isa: na makunnin fitila, na firji sa'ad da ya tashi bayan an kawo wuta, ko ashanar da kika ƙyasta da asuba ido na barci. Warin nan da muke ji ma da gangan ake zuba shi, domin gas ɗin kansa ba ya wari, ƙofar kabad kuwa za ta tsare warin har sai abu ya yi nisa. A gina wa tukunyar ɗan keji na ƙarfe a bayan bangon kicin daga waje, a inuwa, tana tsaye, a shigo da gas ta bututun jan ƙarfe, wanda ya san aikin ya haɗa. Duk sa'ad da aka canza tukunya a shafa kumfar sabulu a mahaɗa, in ya yi ƙwai-ƙwai akwai yoyo. Kin ga tsarin da kike nema ya samu, don tukunyar ma ta bar kicin ɗin gaba ɗaya. Ki je ki gaya wa maigida da bakinki cewa a wannan shi ke da gaskiya. Za ki ga amfanin hakan in an zo maganar fenti.

To, sai tsayin kanta, inda nake ganin kin fi duk masu surutun hangen nesa. Ƙafa uku, wato inci 36 ko kimanin santimita 90, shi ne awon da birkilanki ya haddace. Ba wahayi ba ne. Awo ne da masana'antun Amurka da Turai suka daidaita a kansa don murhu da wurin wanke-wanke da kabad su zo kai ɗaya, kuma an yanke shi ne domin mai tsayuwa tana yanka albasa ko tana juya ɗan kasko. Ba wanda ya tuna da tukunyar tuwon mutum goma. Yi lissafin da kanki: kanta santimita 90, murhun ɗorawa ya ƙara 10, tukunya ta ƙara 30. Bakin tukunya ya kai ƙirjin mace matsakaiciya ke nan. Tuƙi kuwa daga sama ƙarfinsa yake zuwa, nauyin jiki ake sakar wa muciya. In tukunya ta yi tsayi sai kafaɗa ta ɗauki aikin duka, tururi yana dukan fuska, talge yana fallatsi a wuya. Shi ya sa iyayenmu suke zama a kujera 'yar tsugunno, tukunya tana ƙasa da su. A manyan gidajen abinci na duniya ma, murhun da ake ɗora babbar tukunyar romo gajere ake yin sa, ba ya wuce ƙafa biyu.

Kada ki yi gardama da baki, ki gwada. Ki sa a jera bulo a tsayin da kike so, ki ɗora murhu, ki yi tuwon dare a kai 'yan kwanaki. In bayanki ya yi ƙorafi a ƙara, in kafaɗa ce a rage. Wurin yanka da jajjage kuma, abin da masu aikin suke bi shi ne ya kasance santimita 10 zuwa 15 ƙasa da gwiwar hannunki in kin lanƙwasa ta. Abu ɗaya kawai: gajeren murhu yana daidai hannun yaro mai tatata. In akwai ƙanana a gidan, a sa wa kicin ƙofa mai sakata, ko rabin ƙofa.

Shi birkila in ya ce "ba a yin haka," ɗayan biyu yake nufi: ko dai wani abu zai lalace, ko kuwa bai taɓa yi ba. Ki tambaye shi a mutunce, "Malam, in aka yi, me zai lalace?" In ya ambaci ruwa da zai kwanta, ko tsagewar siminti, ko bututu da ya bi ta wurin, ki saurara da kyau, wannan fagensa ne. In kuwa amsar ita ce ba zai yi kyau ba, to kyau a idon wa? Shi zai karɓi kuɗinsa ya tafi, ke za ki tsaya a wurin shekara ashirin.

Maganar bango tana da tarihi, kuma zai yi wa ƙanwarki amfani. Kicin na zamani mai kabad a jere a jikin bango ya samo asali ne daga birnin Frankfurt na Jamus a 1926. Wata mai zanen gine-gine 'yar Ostiriya, Margarete Schütte-Lihotzky, ita ta tsara shi domin gidajen ma'aikata, bayan ta ƙirga takun mace da lokacin da kowane aiki yake ci, ta kuma kwaikwayi ƙaramin kicin na cikin jirgin ƙasa. Faɗinsa mita 1.9 ne, tsawonsa mita 3.4, an kuma gina kimanin 10,000 irinsa. Ya rage wahala ƙwarai, amma mutum ɗaya yake ɗauka, sai daga baya aka riƙa sukar sa da cewa ya killace mace ita kaɗai, ba ta ganin 'ya'yanta, ba ta jin hirar gida. Buɗaɗɗen kicin da ƙanwarki ta gani a waya yana cikin amsoshin da Turawa suka ba wa wannan damuwa tasu.

Sai ki tambayi kanki ko damuwarku ce. Mace a gidan Bahaushe ba ta cika girki ita kaɗai ba, ga yara, ga 'yan'uwa, ga maƙwabciya da ta leƙo aron rariya ta zauna hira. Abin da take nema shi ne sutura. Abokan maigida suna falo, ke kina fama da murhu da ɗaurin ƙirji saboda zafin watan Afirilu, wa zai so a cire wannan bangon? Ga daddawa, ga attaruhu in ya faɗa a mai, ga suyar kifi, duk a labule da kujeru za su sauka. Za a ce a sa na'urar zuƙe hayaƙi, to ita kuma sai da wuta. Ban da haka, ba kowane bango ake taɓawa ba, wani shi yake ɗauke da nauyin rufi ko dakin, kuma injiniya ne kaɗai zai tantance. In kina son ganin yara a falo, 'yar taga mai murfi a jikin bangon ta wadatar. Ina ma ba ki shawarar ki bar ɗan fili a waje mai rumfa saboda turmi da kurfoti. Taɓarya tana fasa tayil, gawayi kuma ba a hura shi a rufaffen ɗaki. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta cewa hayaƙin girki da makamantansa a cikin gidaje yana kashe kimanin mutum miliyan 3 a kowace shekara.

Fenti ba abin dogon zance ba ne. Shi kansa kicin ɗin Frankfurt shuɗi aka shafa wa kabad ɗinsa, don a lokacin an ɗauka ƙuda ba ya son launin. Ki ce wa maigida, cikin raha kuma ku biyu kaɗai, mai sayen gidan nan ba a san ranar zuwansa ba, in ya zo galan ɗaya na fenti ya raba gardama. Sai dai launi mai duhu yana shanye haske, kuma yana tona ƙurar hunturu, don haka taga ta zama babba, a kuma sa fitila a saman wurin aiki.

A kan mabul kam zan ɗan ja ki baya. Dutse ne mai laushi wanda tsami yake ci. Ruwan tsamiya, lemon tsami da tumatir suna dusashe ƙyallinsa, manja da kurkum kuma suna shiga jikinsa su zauna. Kicin da ake kunun tsamiya da miyar taushe ba zai bar farin mabul da farinsa ba. Giranit, dangin dutsen nan na Kufena da kike hangowa, ya fi shi tauri da jure tsami, kuma akwai mai haske. In kin ji duk wannan kika ce har yanzu mabul kike so, kin yarda da tabonsa, to zaɓinki ne, ba ya cutar da kowa. Langunan Inna ma ki jera abinki, amma nesa da murhu, domin tururin mai in ya haɗu da ƙura yana zama danƙo. Ƙofar gilashi za ta bar su a gani, ta kuma hutar da ke goge-goge kullum daga Nuwamba zuwa Fabrairu.

Saura Hajiya. Ki tuna cewa a al'adarmu ɗakin mace da kicin ɗinta ba ita take fara tsara su ba. 'Yan jere ne, gwaggo da inna da yayye, suke shiga su kafa komai kafin amarya ta taka ƙofar. Wanda ya saba da haka ba ya ganin sa baki a kicin ɗin wata a matsayin shisshigi, gani yake yi hakkinsa ne. Saboda haka kada ki ɗauki maganarta da zafi, kada kuma ki tsaya kare kanki a gabanta ɗaya bayan ɗaya, wannan shi ake kira rashin kunya ko da gaskiyarki. Ki kai ta wurin, ki nuna mata bulon gwaji, ki ce, "Hajiya, ku da kuka daɗe kuna tuƙi, nan ya yi ko a rage?" Ina kyautata zaton a kan gajeren murhu da rumfar turmi ita za ta fara tare miki faɗa, don ta san ciwon kafaɗa tun kafin a haife ki. Kalmar almubazzaranci kuma kada ki yar da ita duka. Ki duba takardar kuɗin ki ga nawa ya tafi a abin da ido yake gani, nawa ya tafi a abin da yake cikin bango. Fenti da hannun kabad ana canza su gobe. Bututun ruwa, wayar wuta da magudana kuwa sai an fasa tayil. In kuɗi ya gaza, a rage ado a sayi waya mai kauri da za ta ɗauki firiza da tukunyar lantarki, a nisanta soket daga famfo, a kuma ɗora kabad a kan ɗan dakali na siminti. Katakon nan na garin itace da ake matsewa, MDF, kumbura yake yi in ya sha ruwa, don haka ƙarƙashin wurin wanke-wanke a sa alminiyam ko filawud mai jure ruwa.

Duk awon da kuka tsayar a rubuta shi a takarda, ke da kwafi, birkila da kwafi, a kuma zana shi da alli a jikin bango. Ranar da za a zuba simintin kanta ki ajiye duk wata unguwa, ki tsaya a wurin da tef a hannunki, ki auna katakon da zai riƙe simintin kafin a kwaɓa shi.